Jinin da na zuba a rami

Jiya wata ƙaramar likita ta nuna min takardar tallafin bincike da ta samu, har an haɗa ta da farfesan da zai riƙa duba mata aiki. Na taya ta murna, amma hankalina ya koma asibitin Ikara, zamanin soja, lokacin tsuke bakin aljihu.

Ina sabon likita a lokacin. Duk damina sai a kawo mana masu juna biyu daga Kurmin Kogi, idanunsu sun yi ruwan ɗorawa, kwana kaɗan su rasu. Na fara ɗibar jininsu ina ajiyewa a firjinmu mai aiki da kananzir, da niyyar a kai Zariya a gano dalili.

Babban likitan da ya yi alkawarin nuna min hanya ya tattara ya tafi Saudiyya aiki. Na rubuta takardun neman taimako, shiru. Sai kananzir ya ɓace, har Makarfi na aika babu. Firji ya mutu, jini ya lalace, da hannuna na zuba shi a rami.

Ranar kasuwa wata dattijuwa da ta rasa 'yarta ta tare ni a ƙofar asibiti.

"Likita, me jinin Talatu ya nuna? Ƙanwarta ma ciki gare ta."

"Ana nan ana dubawa, Inna."

"To, Allah ya yi maka albarka. Zan dawo."

Sau biyu ta dawo, ina ɓuya. Daga nan ban sake ganinta ba, kuma har yau ban iya tambayar kowa labarin ƙanwar ba.

Ku da kuka yi aikin asibiti a wancan zamani, me kuka binne?