Ƙahon Na'iya da Gorar Kanton

Duk Sanyinna an san kakana Na'iya Wanzami, kuma rabin garin sun ɗauke shi maƙaryaci. Ni dai na ga abin da ke cikin zabirarsa, saboda haka a bar ni da masu gardama.

Tun kafin zuwan Nasara ya tafi hajji a ƙasa. Da ya gama, ya shiga jirgin ruwa a Jidda yana yi wa matuƙa aski, a zatonsa hanyar gida za a bi. Bai tambayi kowa ba, halinsa ke nan. Jirgi ya yi gabas da shi, ya sauke shi Kanton, babban birnin wani lardi na ƙasar Sin.

Kwana biyar bai sa komai a baki ba sai ruwa, don bai san wace tukunya ce babu alade ba. Ya ce ba yunwar ta dame shi ba. "Tsoro nika ji in mutu inda babu mai yi min wanka da salla."

Yana zaune bakin kogi sai ga wani ɗan dako da tabon ƙaho jere a bayansa. Kaka ya bi shi har wata rumfa, ya tarar da wani tsoho yana kafa wa mutane guntayen gora da wuta. Ya zaro ƙahonsa ya nuna. Tsohon ya juya shi, ya yi dariya, ya tuɓe riga ya ba shi baya. Da Kaka ya yi bisimilla zai tsaga, tsohon ya ƙarasa masa ita. Nan Kaka ya fashe da kuka, aska a hannu.

Shekara biyu suna yawon ƙauyuka cikin kwalekwale, gonakin shinkafa ko'ina kamar fadamar Kebbe da damina, suna ƙaho ba mai jin harshen wani. Rannan zazzaɓi ya kayar da Kaka. Ya yi ta nuna ƙasa, yana nuna kansa. Tsohon ya gane. Da Kaka ya ɗan farfaɗo, tsohon ya kai shi bayan gari, maƙabartar Musulmi, ya nuna wani fili kusa da kabarin mahaifinsa, ya dafa ƙirjin Kaka. Kaka ya ce tun da ya bar gida bai yi barci irin na ranar ba.

Daga baya tsohon ya haɗa shi da maniyyata masu zuwa Jidda. Shi da tsohon suka yi musaya, ƙaho ya zauna can, gora ta zo Sanyinna.

Ranar da Kaka zai cika ina gefensa. Ya ce, "Ummu, ina da masu yi min wanka da salla, na gode Allah. Amma in an gama tawa sallar, a roƙa wa tsohon nan gafara. Wuri ya aje min, ban je ba."