Maganin Inji da Kunnen Inna

Funtua

Ba a kira assalatu ba Habu ya buga mini ƙofa. Ni tela ne, aikina keke da almakashi, amma ranar nan da gemuna na wayi gari karen mota, don ƙanen nawa bai da halin ɗaukar kowa tukuna. A shekarun farko ne bayan samun mulkin kai, damina ta fara kankama, manoma duk suna gona.

Bari in fara gaya muku abin da ya fitar da mu. Da Baba ya rasu ya bar mana gona guda a ƙauyenmu, gaba da Kafur, mai tsamiya a gefenta. Habu ya daɗe yana tuƙa motar wani Alhaji, sai ya dage a sayar da gonar ya sayi tasa ta kansa. Ni ban so ba, amma na gaji da musu. Inna ce ta yanke maganar. Ta ce a sayar wa maƙwabcinmu Baba Nomau, Bamaguje, abokin Baba tun suna yara, don shi ba zai wulaƙanta ƙasar ba. Sharaɗi ɗaya ta kafa. Yanar ido ta rufe mata idanu, ba ta ganin komai sai haske-haske, saboda haka ta ce tunda ba za ta ga motar ba, a kawo mata ita har ƙofar gida ta ji kukanta da kunnenta. Kunnen Inna kuwa ba na wasa ba ne, tana ɗaka take gane wanda ya shigo zaure daga takunsa.

Motar tsohuwar lori ce mai bodin katako, Habu ya shafe ta da koren fenti. Tun ranar da aka sayo ta akwai wata 'yar ƙara a cikin injin, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙwarya da cokali. Audu bakanike ya kara sanda a jikin injin, ya ɗora kunnensa a ɗaya bakin, ya saurara, ya ce ƙarfen ciki ya cinye, sai an sauke injin an yi aikin mako guda. To Habu ya riga ya karɓi lodin irin auduga zuwa Malumfashi, ya kuma aika wa Inna cewa muna tafe. Na lura lalacewar injin ba ta dame shi kamar yadda kunnen Inna ya dame shi ba.

“Yaya, in ta ji wannan ƙarar za ta san an cuce ni,” in ji shi.

A gefen gidan mai akwai wani mai tebur, bakinsa kamar an shafa masa zuma, yana sayar da abin da direbobi ke kira maganin inji. Iri biyu ne. Akwai ja, tsinkakke, a kwalba, ana tsiyaya shi a tankin fetur, wai yana wanke hanjin mota ya rage mata shan mai. Akwai kuma na gwangwani mai kauri, ana zuba shi cikin baƙin mai, wai yana mayar da tsohon inji saurayi. Kuɗin gwangwani guda ya kai ladan ɗinkin riga biyu a wurina. Habu ya kwashi gwangwanaye da kwalba guda tun jajibirin tafiya.

Da sanyin asuban nan muka buɗe gwangwanin farko, abu ya ƙi fitowa, sai da Habu ya yi ta bubbuga gindinsa. Na murɗa ƙarfen tayarwa har kafaɗata ta yi ƙara kafin motar ta amsa. Da injin ya ɗau ɗumi kuwa, wallahi ƙarar nan ta yi ta ja da baya har ta ɓace. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma abin ya burge ni. Audu bakanike ya zo wucewa za shi masallaci, ya tsaya ya saurara, ya ce mun dai toshe mata baki ne, ciwon yana nan. Habu ya ce hassada ce irin ta kanikawa, ya saka giya.

Bakori

Hanya duk gargada ce da kududdufai, mota ta yi nauyi, tafiya muke kamar ta jaki. Rana ta ɗan ɗago muka isa Bakori, inda ɗan doka ya gitta gora a kan hanya. Ya duba lasisi, ya zagaya bayan motar, sai ga shi ya dawo yana tari yana fifita fuska da hula. Ya tambaya ko ciyawa muke ƙonawa a ciki. Habu ya ce magani ne yake aiki, dattin ciki ne ke fita. Ɗan doka ya ce to Allah ya ba ta lafiya, ya ɗaga gora.

Nan muka karya da koko da ƙosai. Kokon ya sha ruwa, ƙosan ya kwana, amma yunwa ba ta bar ni na yi magana ba.

Ba mu yi nisa da Bakori ba, a wani hawa, ƙwas-ƙwas ta dawo. Da farko a hankali, sannan ta fito sosai har ta fi ta jiya. Habu ya yi kamar bai ji ba, ni ma na yi kamar ban ji ba, muna kallon gaba. Da muka kai kan tudu ya tsaya, na sa weji a ƙafar motar, ya juye gwangwani na biyu. Ƙarar ta kwanta. Sai kuma lagireto ya ɗauki tafasa, na sauka rafi da garwa na ɗebo ruwa, na sake komawa, na sake komawa. Ni da ko tulun gidana ban ɗauka ba, ga ni ina hawan gangare da garwa a ka, ruwa na bin wuyana.

Na tambaye shi ko maganin nan yana mayar da ƙarfen da ya cinye. Ya ce in bar shi ya ji da tuƙi.

Malumfashi

Tafiyar da ya kamata mu gama da hantsi sai bayan azahar muka shiga Malumfashi. Aka sauke buhunan a sito, rabinsu a bayana. Habu ya zura sanda a tankin fetur ya zaro, ya duba. Jan maganin nan mai rage shan mai bai rage ko cokali ba, sai da muka ƙara fetur daga wani mai duro a bakin kasuwa.

A gidan wani ɗan ƙanwar Baba muka sauka, Malam Isa dillali, mutum mai fara'a. Shi ya kira mana wani bakanike na kusa da tasha, wanda bai san Audu ba, bai san mu ba. Ko sanda bai nema ba. Ya zaro ma'aunin baƙin mai, ya murza man a yatsa, ya ce mun mai da shi kunu, kuma ga ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Ya ce in motarsa ce ba za ta ƙara taku ɗaya ba.

Nan muka yi cacar baki da Habu, irin wadda ba mu taɓa yi ba tun muna yara. Na ce mu bar motar a gyara, mu ari keke mu je mu gaya wa Inna gaskiya, in an gama sai a kai mata. Ya ce ya riga ya aika da rana, garin duk an ji, ba zai shiga ƙauye a kan keken aro ba. Na ce da kunya ta kwana ɗaya da asarar gonar Baba wanne ya fi. Sai ya ce ai dama ban taɓa son ya yi arziki ba. Maganar ta yi mini zafi ƙwarai, kuma na gaji, ƙafafuna sun kumbura, bayana kamar an yi mini duka. Na ce masa motarsa ce, ya yi yadda ya so.

Malam Isa ya kawo tuwon dawa da miyar kuka, muka ci a kwano ɗaya ba mai kallon wani. A zaure muka kwana, aka yi ruwa mai yawa kafin gari ya waye.

Kafur

Da safe Habu ya juye gwangwanin da ya rage, har ya sa yatsa ya kwalfe cikinsa. Mota ba kaya, iska mai sanyi, injin yana tafiya lafiya lau kamar bai taɓa ciwo ba. Habu ya saki rai, har ya fara tsara yadda zai yi: zai tsaya daidai ƙofar gida, ya bar injin yana kuka, ya kamo hannun Inna ya ɗora a jikin motar ta ji motsinta. Ina jin sa, raina ya yi sanyi, na roƙi Allah a zuci ya kai mu ko da daga nan ba za ta sake tashi ba.

Muka wuce Kafur mutane na ɗaga mana hannu, muka kama ƙaramar hanyar ƙauyenmu. Ruwan daren ya mai da ita taɓo. A wani kwari ƙafafun baya suka nutse. Na sauka na yi ta cusa duwatsu da rassa, Habu ya taka mai iya ƙarfinsa, mota na ihu, taɓo na fantsama a fuskata. Ta fita kuwa. Ina gudu in kama ƙofa sai na ji ƙarar nan, wannan karon kamar maƙeri na dukan ƙarfe, sannan wata ƙara guda mai ƙarfi. Daga nan shiru. Injin ya buga.

Na leƙa ƙasa, baƙin mai yana zuba cikin taɓo, mai kauri, a hankali. Da na ɗago kai sai na ga inda muke. Ga tsamiyar gonar Baba can, ga Baba Nomau yana huɗa da garmar shanu, ya tsaya yana kallonmu.

Ya tako ya zo, ya gaishe mu da sunan mahaifinmu, ya dubi man da ke ƙasa, ya dubi Habu da ya kifa kai a kan sitiyari. Da dariya ya yi mana da ya fi mini sauƙi. Sai ya koma ya kwance shanunsa daga garma, ya aika aka karɓo na ƙanensa, aka ɗaura sarƙa a gaban motar. Mutanen da ke gonakin kusa suka ajiye fartanya suka zo turi.

Gida

Haka muka shiga gari, shanu huɗu a gaba, mutane a baya, Habu a kan sitiyari, ni ina gefe ina jan ƙafa. Ba abin da ake ji sai ƙarar sarƙa da numfashin shanu.

Inna na ƙofar gida a kan tabarma, ta ɗaura zanen da take ajiyewa don Sallah. An ce tun da ta yi sallar asuba take wurin. Ta karkata kai tana saurare har muka tsaya.

“Nomau, kai ne? Na ji shanunka,” in ji ta.

“Ni ne, uwar Habu. Na rako yara.”

Habu ya sauko ya durƙusa gabanta. Ta shafa kansa, ta ce ya kai ta wurin motar. Ya kama hannunta ya ɗora a kan murfin injin, ta daɗe tana shafawa.

“Ko ɗumi babu,” ta ce.

Can Habu ya miƙa hannu ta taga ya matsa ham ɗin roba, ya yi ƙara sau biyu. Inna ta gyaɗa kai, ta ce ta ji, Allah ya sa albarka. Daga nan ta juya wajen da take jin shanu.

“Nomau, ka gama huɗar?”

“Saura gefen tsamiya.”

“Maza koma kafin rana ta yi. Gefen nan saurin bushewa gare shi.”

Nan Habu ya fashe da kuka, gardi guda, a gaban mutane. Ni ban yi kuka ba, gajiya ta hana ni, na dai zauna a ƙasa na jingina da ƙafar motar.

Washegari na kama hanyar Funtua, rabi a ƙafa, rabi a motar 'yan kasuwa, na iso gida da la'asar na tarar da ɗinkin mutane yana jirana. Na gode wa Allah da ya dawo da ni da lafiyata, na gode wa Malam Isa da tuwonsa, da Baba Nomau da ya bar huɗa a tsakiya saboda 'ya'yan abokinsa. Habu ya koma tuƙa motar mutane. Lorin ta yi damina biyu a ƙofar gidanmu kaji na kwana a ƙarƙashinta, kafin wani mai sayen ƙarafa ya ja ta.

Direbobi kan zauna a shagona, wani lokaci su tambaye ni ko maganin inji ya cancanci kuɗinsa. Ni ba bakanike ba ne, ban san abin da yake yi wa lafiyayyen inji ba. Abin da na gani shi ne, yana sa inji mai ciwo ya yi shiru, mai motar ya ci gaba da tafiya. Mu ya kai mu har gindin tsamiyar Baba. Inna kuwa, har ta koma ga Allah, abin da ta ji na kuɗin gonar nan shi ne ham sau biyu.