Mun Kai wa Tsoho Gidansa da Ruwa Ya Ci

Ana sallame Asuba muka bar Kano ta hanyar Gwarzo, ni da abokin aikina, da kwalin littattafai a kan cinyata. Yaron mota ya so ya cusa shi a but tare da jarkokin manja. Na ce masa sai dai ni ya cusa ni.

Ga wanda bai san ni ba, ni mai fenti ne, mai zanen jikin mota da allon shago. A aji huɗu na bar makaranta. Abokin nawa tsohon malamin firamare ne, shi ke da alƙalami. Shi ya bi dattawan da dam ɗin Karaye ya tasa daga ƙauyukansu, ya rubuta abin da suka tuna, ni kuma na zana gidajen daga bakinsu kawai, tunda gidajen suna ƙarƙashin ruwa. Masu digirin zane a birni sun ce aikina na tasha ne. Wani mai ɗab'i ya ce a cire zanen a sa hotunan waya. Muka bar musu kayansu, muka buga abinmu da kanmu.

Abin da ya fitar da mu alkawari ne. Zanen bangon littafin gidan mahaifin wani dattijo ne da yanzu yake zaune wajen Kafin Dafga. Da ya ba mu labari ya kafa sharaɗi: in ya gani bai gane gidan ba, a cire. In aka cire bango kuwa, littafi ya mutu.

Hanya ba laifi har Gwarzo, daga nan sai ramuka suka fara gaishe mu ɗaya bayan ɗaya. Dawa ta yi kai, ana ta cirar gyaɗa. A Karaye muka karya da soyayyen kifi. Tsadarsa ta sa na tambayi mai kifin ko daga Makka aka kamo shi, ga ruwan ma ina hangowa. Ya ce in shiga in kama. Muka hau acaɓa.

Mun tarar da dattijon a gindin darbejiya. Aka gaisa, aka tambayi iyali da damina da gajiya, aka kawo fura, ni duk hankalina na kan kwali. Da ya karɓi littafin ya daɗe yana dubawa, ya kai shi kusa da ido, ya nisanta. Sannan ya ce tsamiyar ta yi nisa da zaure, katanga kuma ta yi gajarta, su ba matsiyata ba ne. Na ajiye ludayin furar.

Sai yayarsa, wata tsohuwa da ke ɓarar gyaɗa a gefe, ta ce a miƙo mata. Ta duba ta ce, "Kai dai tsufa ya cinye ka. Katangar daidai take, kai ne gajere a lokacin. Rumbun ne mai zanen ya sa a hagu, alhali a dama yake."

Ya ce, "Yaya, ke da aka aurar tun kafin a gina rumbun?"

Nan gardama ta kaure. Maƙwabta suka taru, kowa na dangwala yatsa. Wannan ya ce gidansu na bayan tsamiyar, don me ba a sa ba. Wancan ya nuna farar takardar gefe ya ce nan rijiya take. Abokina ya zaro biro yana ta rubutu kamar ana korarsa. Ni kuwa aka matsa mini sai na ƙara gidajen, na zauna da fensir ina cika gefen bango har La'asar.

Da za mu tafi na daure na tambayi dattijon hukuncinsa. Ya rungume littafin ya ce, "Malam mai zane, ba daidai ba ne. Amma ka kuskura ka cire, ban yafe ba."

Washegari muka shiga Rogo Sabon Gari, muka baje a kasuwa kusa da masu rake. An saya, ba laifi. Wani tela ya biya, nan take ya yage zane ɗaya ya manna a bangon shagonsa. Abokina ya ɓata rai. Na ce masa ya yi haƙuri, labarinsa na bayan takardar, bangon shagon na karantawa.

Mun dawo Kano da yamma, kwali ya yi sauƙi, bayana ya yi tsami. Abin da na koyo ba yawa. Ban iya zana abin da ban gani ba daidai, kuma ba wanda ya iya. Amma mutanen da suka daɗe ba sa ambaton garinsu sai da ƙasa-ƙasa da murya, na gan su suna faɗa a kan inda rijiya take. Duk wanda ya ce aikina na tasha ne, ya je ya sa tsoho ya rungumi nasa, sai mu yi magana.