Yadda Kakata Ta Mayar da Jirgina Jaki

Shekarun baya, lokacin da haukar dron ta kama ni, wato ɗan jirgin nan mai farfela huɗu da kyamara, na tafi da shi ƙauyenmu kusa da Hamdara a hutun damina. Ba zan ɓoye muku ba, burga ce ta kai ni.

Kakata a lokacin damina uku ke nan ba ta taka gonarta ba saboda ciwon gwiwa. Gonar tana bayan fadama, ko a amalanke aka ɗora ta girgizar ba ta barinta. An sha kawo mata hotuna a salula tana turewa, wai inda ya yi kyau kaɗai muke ɗauko mata. Da na nuna mata cewa abin da jirgin ke gani yana fitowa nan take a salula, sai ta gyara zama ta ce, "To maigidan, in ka cika namiji kai ni gonata."

Batir guda gare ni, ba ya wuce minti goma sha biyar ko an lallaɓa shi. Ni kuwa ban lallaɓa ba. Da rana tsaka na tashe shi, batirin ya sha zafi a jaka, ga iska, ga jama'a sun taru. Sai na cilla shi sama, na zagaya masallaci, na tsayar da shi kan rijiya don 'yan mata su ɗaga masa hannu. Ko da na nufi gona, bai tsallake fadama ba ya fara ƙara, ya juyo gida da kansa. Kakata ta yi dariya har da hawaye, ta ce zakaranta ma ya fi shi nisan tashi. Amma na ga yadda ta ajiye salular a hankali, abin ya tsaya mini a rai, don washegari da hantsi zan koma Damagaram.

Na kai batirin wurin mai pano, wato mai caji da hasken rana, ya cika. Da la'asar ta tambaye ni me ke gajiyar da shi haka. Na ce nauyi, da zafi, da iska, da gudu, da yawan tsayawa a sama.

"Ashe jaki ne," in ji ta.

Ta ce mai hankali ba ya fita da jaki da rana tsaka, ba ya ɗora masa kayan banza, kuma tun da ƙarfinsa ake fuskantar iska, a dawo tana tura shi ta baya. Na cire kariyar farfela da fitilun da na maƙala don ado. Batirin kuwa ita ta karɓa, ta sa a leda ta ajiye a inuwa gefen randa.

Gari na wayewa, iska ba ta gama farkawa ba, na tashe shi. Babu tsalle, babu zagaye, tafiya ɗaya a hankali. Kakata na riƙe da salula tana ba ni umarni, yi dama, miƙe, sauko kaɗan. Sai ga gero kore shar ya fitar da kai. Nan take ta hango gefen gabas ba a yi masa maimai ba, kawuna mai noma mata gonar, da ke tsaye bayanmu, ya tuna yana da aiki a wani wuri.

Daga nan ta ce in tsaya kan gawon tsakiyar gona, wanda ya zubar da ganye kamar yadda ya saba da damina. A gindinsa marigayi kakana ke shan fura. Tsayawa na cin batir, amma ranar ina da abin da zan ba ta. Ta ƙura wa salular ido tana murmushi, can ta ce, "Na gani. Dawo da jakinka kada ya gaji." Ya sauka a tsakar gida fitilarsa na ja, ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni.

Yanzu in abokai suka tambaye ni yadda jirgina ke daɗewa a sama, dokar jaki nake karanta musu, su yi ta dariya. Ni na san abin da na gani. Mintunan da na ƙona a kan rijiya don a yabe ni, su ne washegari kakata ta samu a kan gawon nan.