Gwanin Saita Waya

Sammani gyaran rediyo ya gada, a wata 'yar rumfa da ke bakin Ƙofar 'Yandaka. Da sojoji suka koma bariki, wayar salula ta shigo Katsina, sai ya tura rediyoyin ƙarƙashin benci ya koma saita waya: ya sa layi, ya daidaita agogo, ya zuba wa mutum lambobin 'yan'uwansa. Alhazai kan bar masa waya sabuwa fil su tafi masallaci. Wannan amanar ita ce jarinsa.

A lokacin akwai wata 'yar mujallar Hausa mai bayani kan kwamfuta da waya, wadda Malam Babaji ke fitarwa wata-wata daga Kambarawa. Ya zo ya yi hira da Sammani, har da hoto. Da mujallar ta fito, ga hoton nan rangaɗau, a ƙarƙashinsa kuma an rubuta da manyan haruffa: "Sammani, gwanin sata waya." Harafi ɗaya ya faɗi wajen bugawa.

Alhazai suka ɗauke ƙafa. Wanda ya zo ma ba ya sakin wayarsa, sai dai ya riƙe ta a hannunsa, Sammani ya latsa. Matarsa Hajo ta daina zuwa gidan suna saboda tambayoyin mata.

Ya tafi Kambarawa. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Malam, kun maishe ni ɓarawo."

"Kuskuren ɗab'i ne, Sammani. Muna da ƙa'ida. Gyara yana fitowa a shafin ƙarshe, fitowa ta gaba."

"A saman shafi kuka ɓata ni, da hotona. Can za ku wanke ni."

"Ƙa'ida ce," in ji Malam Babaji, ya ci gaba da rubutunsa.

Gyaran ya fito, layi biyu ƙanana ƙarƙashin tallar batir. Ko Hajo sai da ya nuna mata da yatsa.

Sammani bai sake komawa ba. 'Yan acaɓa ne kaɗai suka rage masa, su ma rabin zuwan nasu tsokana ce. To, mujallar tana buga lambar editanta, Malam Babaji, domin masu tambaya. Duk wayar da ta shigo hannun Sammani sai ya zuba mata lambar nan kyauta, da suna "Malam Baji".

"Wane ne kuma Baji?"

"Masanin waya ne. Kira shi kome dare, ba ya gajiya. Ji ne dai ba ya yi."

'Yan acaɓa suka kai sunan Batagarawa suka dawo da shi. Kafin damina ta wuce, har a sahun jana'iza an ce, "Malam Baji, matso gaba."

Ran nan sai ga Malam Babaji a rumfar, ko sallamar kirki babu.

"Sammani, sunan kakana ne ka datse!"

"Kuskuren latsawa ne, Malam. Ɗaya kuka cire mani, ni hannuna ya zame na cire biyu. Amma muna da ƙa'ida."

Ya ɗaga labulen buhu da ke bayan rumfar. Can ƙasa jikin kwano, kusa da tsofaffin rediyoyi, an rubuta da alli, da ƙananan haruffa: "Baji, Babaji ne."

'Yan acaɓar da ke kan benci suka kwashe da dariya.

Wata na gaba hoton Sammani ya fito a bangon mujallar, da "saita" cikakkiya da ban haƙuri a ƙarƙashi. Daga nan kuma mujallar ta koma buga gyara a shafin da kuskure ya fito. Alhazai suka dawo, suka ci gaba da barin wayoyinsu su tafi masallaci.

Sammani ya daina zuba lambar. Waɗanda ya riga ya zuba kuwa bai goge ko ɗaya ba. In aka yi masa maganar, sai ya ce ai ya yi gyara, mai so ya ɗaga labule ya duba.