Loretta, Mai Kiran Mai Gidan Baya

Ƙarfe bakwai na safe, ko dusar ƙanƙara ta rufe hanya, za ka ga tsohuwar motar Loretta Szymanski a ƙofar wani gidan da babu kowa ciki, a gabashin birnin Buffalo da ke Amurka. Za ta ja ƙafa ta hau bene, tarin makullai na kaɗawa a aljihun rigar sanyinta. Ta taɓa na'urar ɗumama ɗaki ta ji ko tana aiki, ta murɗa famfo ta bar shi yana ɗiga don kada ruwa ya daskare a bututu, sannan ta sauko ta nufi gida na gaba. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana dillancin gidajen haya. Ranar Juma'ar nan za ta ajiye aikin, domin gwiwoyinta sun ce sun gaji.

Ba a son dillali a garin nan, kowa ya sani. Mai gida yana ganin la'adar wata guda da take karɓa kamar an yanki naman jikinsa, ɗan haya kuma yana ɗaukarta 'yar leƙen asirin mai gida. Ni abin da na gani da idona zan faɗa, a gidan maƙwabcina Orville Pruitt.

Orville tsohon direban bas ne. Yana zaune a ƙasa, yana ba da saman haya, kuma da kuɗin hayar nan yake biyan harajin gidan, don fanshonsa ba ya kaiwa. Matarsa Bernice ce ke kiran Loretta duk lokacin da saman ya zama wofi. Shekarar da Bernice ta rasu, Loretta ta biyo ta layinmu ta tarar da shi yana kafa allon neman ɗan haya da kansa.

"Mista Pruitt, me nake gani haka?"

"Abin da kika gani, Madam La'ada," in ji Orville. "Surukina ma ya sa min tallan a waya, kyauta. Hayar wata guda cur kike lashewa don kin buɗe ƙofa kin rufe?"

"Ka samu mutum?"

"Tuni. Har na kira mai gidan da yake zaune yanzu, ya ce bai taɓa ganin ɗan haya kamarsa ba."

"Dole ya faɗi haka mana. Mai neman rabuwa da kaya ai ba ya kushe shi a kasuwa. Ka kira mai gidansa na baya, wanda ya riga ya huta da shi. Shi ƙarya ba ta ƙara masa komai."

"Ke dai kin ga abinci zai wuce ki!"

Loretta ta ja motarta, abin yana cinta a rai, don ta san ba rowa ce kawai ke damun tsohon ba, har da kaɗaici da son nuna cewa zai iya ba Bernice.

Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Mutumin ya biya wata biyu ya ɗauke hannu. Aka yi ta jeka-ka-dawo a kotu har wata goma sha uku. Ranar da ya kwashe kayansa, a tsakiyar Janairu, ya kashe na'urar ɗumama ɗaki ya bar tagogi a buɗe. Washegari bututu ya fashe. Ruwa ya keto silin ya sauka a kan keken ɗinkin Bernice da hotunan bikinsu. Kafin sati ya zagayo, kamfanonin nan masu sayen gidajen tsofaffi da arha sun fara tura wa Orville katin neman sayen gida ta ƙarƙashin ƙofa. Da ɗaya a aljihunsa ya shiga ofishin Loretta.

"Na zo ki yi min dariya," ya ce.

"Ba ni da lokaci. Ina makullin?"

Ita ta samo mai gyaran famfon da ya yarda ya jira haƙƙinsa. Da gyara ya kammala ta kawo masa Yolanda Tibbs, mai aikin wanki a asibiti, wadda manyan kamfanoni uku suka ƙi ba haya saboda wani tsohon tabon bashi a takardunta. Loretta ta bi sawu har ta samo tsohuwar da Yolanda ta zauna a gidanta shekaru biyar baya. Tsohuwar ta ce, "Yolanda? Ita ke share min ƙanƙara a ƙofa kafin ta tafi aiki. Har yau ina kewarta."

Orville ya juya takardun ya yamutsa fuska. "Waɗannan fa ba su da kyau."

"Na wancan ai sun yi kyau," in ji Loretta.

Shekara shida ke nan Yolanda tana saman, gidan kuma yana hannun Orville. Keken ɗinkin dai bai sake motsi ba.

Ke ce, Loretta, mai hawa bene don gidan wani. Ke ce kika san takarda ba ta faɗin hali, sai bakin wanda ya zauna da mutum. An kira ki ci-ma-zaune, alhali a matakalar gidajen mutane kika bar gwiwoyinki.

Abin da ke sosa min rai shi ne babu mai gadon kujerarta. Ofishin ma rufe shi za a yi. Yanzu akwatin makulli ake rataya a ƙofa, mai neman haya ya danna lamba ya shiga shi kaɗai, na'ura ta ce a ba shi haya ko a hana. Ga shi Yolanda za ta koma wurin 'yarta a birnin Rochester a watan Afrilu. Orville yana da shekara saba'in da tara, kuma katunan nan sun dawo ƙarƙashin ƙofarsa.

Ranar Talata na kai shi ofishin. Muka same ta ita kaɗai tana zuba makullai a kwali, ba walima, ba kowa.

"To wa zan kira yanzu?" ya tambaye ta.

"Ka san aikin ai. Na baya."

"Idona ba ya ganin lamba, Loretta."

Ta dube shi ta ce, "Ka kawo min sunayen har gida. Gwiwa ce ta mutu, kunne yana nan."

Tsohon ya daɗe yana murza hularsa. Da ya kai bakin ƙofa sai ya waiwayo. "Ke ma duk wanda ya tambayi halinki, ba shi lambata. Ni ne na baya."

Mun gode, Loretta, Allah ya ba gwiwoyin nan hutu. Ku masu gida, kafin ku ji zafin la'ada ku tuna silin ɗin Orville. Ku masu shiga sana'ar, ku ɗaga waya ku kira na baya, ko da na'ura ta riga ta yanke hukunci. Shi kuwa Orville, tun ranar Talata wayarsa tana gefensa, amsarsa a shirye. Har yau babu wanda ya kira ya tambaya.