Romon Albasar Kawuna

Shekarun baya, lokacin ko furfura ɗaya babu a gemuna, na raka kawuna asibiti a Maiduguri. Daga Azare muka taso, muka sauka a unguwar Mairi, gidan wani abokina da muka yi makaranta tare. Aiki za a yi wa Kawu a ciki, amma da likita ya duba shi sai ya ce jikin nan ba zai ɗauki wuƙa ba. Ya ba mu kwana goma. In tsohon ya ci abinci ya yi ƙwari, a yi aikin. In bai ci ba, mu koma gida sai an sake kiranmu, kuma ba wanda ya san yaushe ne.

Kawu kuwa ya rufe baki gam. Matar abokina ta yi tuwo, ta dama kunun gyaɗa, ta yi burabusko irin nasu, har farfesun kifi aka yi masa. Sai ya kalli kwano ya kau da kai. Kwana huɗu ba abin da ke shiga cikinsa sai ruwan shayi.

Bari in gaya muku ko wane ne Kawu. Wan mahaifiyata ne, kuma kusan duk ƙuruciyarsa a Injamena ya yi ta, yana aikin kuku a gidan wasu Faransawa. A danginmu wannan ba abin alfahari ba ne. Ba a faɗa a gabansa, amma tun ina yaro nake jin ana cewa hannun da ya daɗe a kicin ɗin Nasara, Allah kaɗai ya san abin da ya taɓa. Da ya dawo gida yakan yi girki da Sallah ya aika wa 'yan'uwa, sai kowa ya ce ya ƙoshi. Har ya gaji ya daina. Da wannan zargin na tashi, ga shi dama ni mutum ne da ko ƙwai aka dafa min sai na sunsuna.

Ranar ta biyar da safe ya kira ni.

"Kai, zo nan. Romon albasa nake so."

"Wannan ai mai sauƙi ne, Kawu. Yanzu a yanka albasa."

"Ba naku ba. Na Faransawa. Garin nan bakin Chadi yake, ba za a rasa mai yi ba."

Na fita waje na buga wa mahaifiyata waya, ina murna ya nemi wani abu da bakinsa. Ta ce, "Ka dai buɗe ido. Kar a ɗura wa ɗan'uwana haram yana kan gadon ciwo." Na ce ta kwantar da hankalinta, ai ta san ɗan da ta haifa.

Abokina ya ce ya san wuri. Ya kai ni wani gidan abinci mai ƙaton allo, an rubuta abincin Faransa, na Sifen, na China, da na gida. Na tambayi mai kawo abinci wanne ne na Sifen ɗin. Ya nuna min dafa-dukan shinkafa da aka zabga wa kurkur ta yi rawaya, an ɗora mata cinyar kaza. Na Faransan kuma soyayyen dankalin Turawa ne da ƙwai. Na ce romon albasa fa? Ya ce, "Akwai farfesun kayan ciki, Alhaji, mukan sa albasa da yawa." Ni da ban taɓa zuwa ko Kwatano ba na gane mu ake yi wa wayo.

Da na ba Kawu labari ya yi dariya har ya riƙe ciki, karo na farko tun zuwanmu.

"Mu masu aikin kicin ba allo muke dubawa ba," in ji shi. "Je kasuwa ka nemi mai sayar da cuku da bota na waje. Ka tambaye shi wa ke saye duk mako. Ba mai saye sau ɗaya ba, mai dawowa."

Na sha yawo kafin in sami shagon. Wani ɗan Ibo ne, mai furfura, Hausa a bakinsa kamar a nan unguwar Bolori aka haife shi. Da na yi tambayata sai ya ƙare min kallo daga hula har takalmi.

"Malam, me za ka yi da kwastomana?"

Ashe ba ni kaɗai ne mai zargi a garin ba. Na yi masa bayanin mara lafiya, sai ya sauko. Ya ce akwai wata Hajiya 'yar Chadi a unguwar Wulari, duk Talata tana zuwa, ita ke dafa wa ma'aikatan ƙungiyoyin agaji. Gidan ba allo, in nemi koriyar ƙofa kusa da wani mai faci. "Ka ce ni na turo ka."

Wannan "ka ce ni na turo ka" ita ta tsaya min a rai har na sauka daga keke napep. Na ce shi ke nan, haɗin baki ne, sun ga baƙo. Da na ga gidan kuma abin ya ƙaru: doguwar katanga, ba allo, ga fararen motoci biyu a ƙofa. Wane irin gidan abinci ne ke ɓoye kansa? Na tsaya wajen mai faci ina kallon masu shiga da fita, har ya tambaye ni ko taya na kawo.

Da na daure na shiga, tsakar gida na tarar, an share tas, da tebur huɗu a inuwar darbejiya. Wata dattijuwa cikin lafaya ta fito tana goge hannu, ƙamshin turaren wuta na binta.

"Wushe, Malam. Faddal, zauna," ta marabce ni da Barbarci da Larabcinsu.

Ban zauna ba. Idona na kan wasu kwalabe da ke jere a tagar kicin.

"Hajiya, me ke cikin waccan kwalbar?"

"Man zaitun."

"Ta kusa da ita fa?"

"Ruwan khal, na tsami a girki. Malam, abinci ka zo saye ko bincike aka aiko ka?"

Na faɗi abin da ya kawo ni. Ta ce romon na cin lokaci, in dawo bayan Azahar, kuma a nan ya kamata a sha shi da zafinsa. Na ce mara lafiya ba ya fita, ga kula na zo da ita. Ta ƙi karɓar kular. Da na dawo, wani ƙaramin kasko ta miƙo min, an rufe an ɗaure da tsumma.

"Kar ka juye, kar ka karkata. Yadda na ba ka, haka za ka ajiye a gabansa."

Duk hanya ina riƙe da kaskon ina saƙe-saƙe. Me ya sa ba za a juye ba? Me ake gudun in gani a ƙasa?

Don haka ban wuce ɗakin Kawu ba, kicin ɗin matar abokina na shiga na kwance tsumman. Sama wani ɓawo ne ya ƙone ya yi ja, in ka taɓa yana yauƙi, yana wari kamar safar da ta kwana uku a takalmi. Na ɗaga shi da cokali, sai ga gutsuren burodi ya jiƙe sharkaf. Matar abokina ta toshe hanci ta ja baya. Nan na yanke hukunci: saura aka haɗo min, burodin da wani ya tsoma ya bari, aka rufe da abin da ya lalace. Na kwashe saman nan kaf na watsa wa kaji. Na zuba wa romon dunƙule ɗaya da yaji, na tafasa, na juye a kwano mai tsabta. Wallahi a lokacin ji nake na ceci rai.

Ina shiga ɗakin na tarar Kawu ya tashi zaune da kansa, ƙamshin ya riga ni isa. Ya karɓi kwano ya leƙa.

"Ina samansa?"

"Wane sama, Kawu?"

"Burodin da cukun."

"Ai ya lalace. Na zubar wa kaji."

Ya ɗan taɓa romon da bakin cokali ya kai harshe, ya ajiye. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

"Matar nan ta iya," ya ce a hankali. "Ta fi awa guda tsaye kan albasar nan. Kai kuma ka zuba mata yaji." Ya kwanta ya juya fuska bango. "Ku dai har yau ƙyamar abin kuke yi."

Ranar ko shayin bai sha ba, ga kwanakin likita sun rage biyar.

Washegari na ce masa ya shirya, da kansa zai je. Ban zaci zai yarda ba, sai ga shi ya nemi farar kaftaninsa da hula. Muka tallafe shi ni da abokina muka sa a keke har Wulari. Na fara shiga don in mayar wa Hajiya da kaskonta, na gaya mata abin da na aikata. Ta wanke ni tas, rabi da Hausa rabi da Larabcinsu, abin da na fi ganewa shi ne "kaji". Tana cikin faɗan Kawu ya shigo ya gaishe ta da Faransanci. Ta tsaya cak, ta gyara lafaya ta rusuna.

Suka yi ta magana ban san me suke cewa ba, sai Kawu ya juyo da zancen Hausa, na san don ni ya yi.

"Hajiya, su can giya suke ɗan zubawa a ciki. Ke me kike sawa?"

"Khal kaɗan, Baba."

"Ni ruwan tsamiya nake sawa. Tun ranar da aka ɗauke ni aiki na gaya wa uwargidan ba na taɓa giya, ba na taɓa alade. Ta ce in yi yadda na iya. Har na bar gidan baƙinsu na neman ƙari."

Na ce, "Kawu, ai ba ka taɓa faɗa mana ba."

Ya dube ni. "Wa ya taɓa tambayata?"

Da romon ya kusa, sai na ga ya lallaɓa ya nufi wani benci da ke bakin ƙofar kicin zai zauna. Hajiya ta ce, "A'a, Baba, tebur." Ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta ja masa kujera, ta ajiye cokali a damansa. Ya daɗe yana shafa ƙyallen nan. Ya ce ya dafa romon nan ba adadi, amma bai taɓa zama a tebur an kawo masa shi da samansa ba. Nasa ɗanɗanawa ne a tsaye, a ɗauka a kai wa masu gida.

Ta kawo kaskon yana tafarfasa. Ya yi bisimilla, ya fasa ɓawon da cokali, cukun ya biyo shi yana zare. Ni dai na sunkuyar da kai don idona ya cika. Ya shanye tas har ya kankare gefe. Sannan ya ɗaga hannu ya ce, "Hajiya, a kawo wa mai binciken nan nasa."

Ba zan yi muku ƙarya ba, warin yana nan. Amma na sha, yana kallona cokali bayan cokali, kuma daga na uku na daina riƙe numfashi. Kullum muka riƙa zuwa har kwanakin suka cika. Aka yi aikin lafiya, Kawu ya ƙara shekara uku a duniya kafin Allah ya karɓi abinsa.

Har gobe ni mai zargi ne, ban daina sunsuna ƙwai ba. Kuma in na je baƙon gari ina neman abinci mai kyau, kasuwa nake fara zuwa in tambayi mai sayar da kayan haɗi wa ke dawowa duk mako. Abin da na daina shi ne yanke hukunci ni kaɗai a kicin, alhali mai amsar yana ɗaki na gaba.

Da muka koma Azare na ba mahaifiyata labarin ruwan tsamiya. Tana tsintar shinkafa a faranti, sai hannunta ya tsaya. Ta ce, "Sallah nawa ina mayar masa da kwanonsa ko buɗewa ban yi ba." Ta ajiye farantin, ta yafa mayafi, ta ce in raka ta gidansa.